Filin Samari: Gudu Bisa Turba, Daga Gari Zuwa Gari

Kaka ta wuce. An ɗaure dammunan hatsi, an kai rumbu. Wake da gujiya sun shiga buhu. Sanyi ya sauko, hazo ya rufe gari. Wannan shi ne lokacin da ƙafar saurayi take rasa aikin yi. Wasu sun ɗauki jaka sun tafi cin rani Kano ko Agadas. Waɗanda suka rage ga su nan gindin dogon yaro, daga shayi sai karta. Zancen wannan wata nasu ne. Amma dattawa ma su kasa kunne, don akwai rabonsu a ciki.

Zancen gudu ne. Ba gudun tsoro ba, ba gudun ɓarawo ba. Gudu na ganin dama, bisa turbar ƙafa, daga wannan gari zuwa wancan.

A ƙasar Faransa akwai wani yanki da ake kira Bojole. Ƙasar tuddai ce, hawa da gangara. Ba hatsi suke nomawa ba, inabi ne. Shi inabi itace ne mai yaɗo. Ana dasa shi layi-layi a jikin tudu. Tsakanin gonakin akwai turbobi, akwai kuma tsofaffin ƙauyuka masu gidajen dutse, waɗanda suka yi ɗaruruwan shekaru a tsaye. Kowace shekara cikin watan Nuwamba, dubban mutane suna taruwa can don su yi tsere. Suna tashi daga ƙauyen Fulori, su ratsa gonaki da ƙauyuka, su sauka birnin Bilfaranshi. A wani yankin kuma, Medok, kusa da birnin Bordo, sun fara irin wannan tsere tun 1985, cikin watan Satumba.

Sunan dogon tseren nan maraton. Tsawonsa kilomita 42 da mita 195. Kilomita 1 taki ne kamar 1,300 na babban mutum. Wanda yake son ya gane tsawon maraton, sai ya tuna tazarar da ke tsakanin Mayahi da Tasawa in an miƙe ta daji. Kusan ita ce.

Abin mamaki, kuɗi suke biya kafin a bar su su yi gudun. Suna zuwa daga nesa, wasu har daga wasu ƙasashe. Suna kwana a ƙauyukan, suna sayen abinci, mutanen wurin suna samun ciniki. Yawancin inabin can giya ake yi da shi, kuma a Medok har miƙa wa masu gudu ita ake yi a bakin hanya. Wannan kam tasu ce, su riƙe abarsu. Abin da ya kamata a duba shi ne abin da ya ja su: tudu, da gona, da tsohon gari. Sun gaji da kwalta da hayaƙin mota, sun koma neman turba.

To, a Tasawa da Mayahi babu inabi. Amma tudu, da gona, da tsohon gari, wanne ne babu?

Ƙasar da ƙafa za ta taka

Manomi ya san ƙasarsa kashi uku ce: jigawa, da geza, da fadama. Mai gudu ma haka zai san ta. Jigawa rairayi ce mai laushi, ƙafa tana nutsewa. Masana sun auna, sun ga gudu cikin rairayi mai laushi yana cin ƙarfi fiye da sau ɗaya da rabi na gudu bisa ƙasa mai tauri. Ke nan wanda ya hau tudun rairayi a guje, ko tudun bai kai na Faransa tsawo ba, cinyarsa ta sha aiki. Geza tana da tauri, ta fi sauri, amma ta fi dukan gwiwa. Fadama kuwa da rani tana tsagewa, shanu sun bar sawu ya bushe, sai an kula kada idon ƙafa ya gurɗe.

Hanyar da ta fi kyau a yankin nan ita ce ta Gulbin Kaba. Tsohon gulbi ne wanda ruwa ya daina bi sosai tun da daɗewa. Ya ratsa ta Kanambakashe da Mayahi. Sunansa ya faɗi abin da ke cikinsa: kaba da goruba. Daga nan mata suke samun kabar tabarma da ta igiya. Mai gudu zai gangara daga tudu zuwa cikin kwari, ya bi inuwar goruba, ya sake hawa. A cikin gonaki kuma ga gawo, itacen da yake yin ganye da rani sa'ad da sauran suka kaɗe. Daga wajen 1984 zuwa yau, manoman jihar Maraɗi sun koma barin tohon itace a gona lokacin sassabe, ba su tumɓuke shi duka. Saboda haka wuraren da dā suke fili fetal, yanzu akwai kalgo da sabara da gawo. Wanda ya bi turba da hantsi ya san bambancin.

Garuruwan da ke bakin hanya

Bature yana alfahari da tsohon ƙauyensa, yana kafa allo ya rubuta tarihinsa. A nan tarihin yana bakin tsofaffi, kuma tsofaffin suna ƙarewa.

Tasawa tsohon gari ne na ƙasar Katsina. Da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi wajen 1807, sarakunan Haɓe suka yo arewa, daga baya suka kafa Maraɗi. Gab da zuwan Nasara, Sarki Mijinyawa ya bar Maraɗi ya zauna Tasawa. Ayarin gishiri na Abzinawa ta nan yake bi zuwa Katsina da Kano. Cikin irin wannan ayari ne wani Bajamushe mai suna Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Tasawa a watan Janairu na 1851, kafin ya wuce Gazawa da Katsina. Zamanin Nasara kuwa, kumandan a Tasawa yake zaune, har 1927 da aka mai da mazauninsa Maraɗi. Duk wannan zirga-zirga, ta fatake da manzanni da zagagen sarki masu gudu gaban doki, ba bisa kwalta aka yi ta ba. Bisa turba aka yi ta.

Gabas da Tasawa, bisa hanyar Damagaram, akwai Mai Jirgi. Labarinsa mai nauyi ne. A farkon 1899 wasu hafsoshin Faransa biyu, Bule da Shanwan, suka taso daga bakin kogin Kwara da rundunar soja za su tafkin Cadi. Duk inda suka bi sai toka. Sun ƙone garuruwa, sun kashe maza da mata da yara. Sun yi yaƙi da Sarauniya a Lugu. Sun yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla cikin watan Mayu. Labarin ɓarnar ya kai Faransa, aka turo wani kanar mai suna Kulob ya tsai da su. Ya bi sawunsu, yana iske garuruwa kango. Ran 14 ga Yuli ya cim musu a Ɗankori, nan ƙasar Tasawa. Bule ya sa aka harbe shi. Kwana biyu bayan haka sojojinsu baƙar fata suka juya musu baya. Suka kashe Shanwan ran 16, suka kashe Bule ran 17. Kaburburansu suna Mai Jirgi.

A wannan damina ta 1899 an yi gudu bisa turbobin nan, gudun ceton rai, da goyo a baya. Saurayin da zai bi su yau da sassafe ya kamata ya san haka. Ba Ɗankori da Mai Jirgi kaɗai ba. Korgom, da Urafan, da Hawan Dawaki, da Sarkin Hausa, kowane gari yana da wanda ya sari dajinsa, da wanda ya gina rijiyarsa ta fari, da dalilin sunansa. Yaro nawa ne ya sani?

Ɗan makiyayi da gudu

Wani zai ce gudu wasan masu ƙoshi ne, talaka ina ruwansa. A duba waɗanda suka fi kowa gudu a duniya, a ga ko ƴaƴan wane ne.

Abebe Bikila mutumin ƙasar Habasha ne, ubansa makiyayi. A wasannin Olampik na 1960, a birnin Rum, ya yi maraton ba takalmi a ƙafarsa, ya zo na fari. Awa 2 da minti 15 ya yi. A 1964 ya sake cinyewa a Tokiyo. Derartu Tulu ita ma Bahabashiya ce, ta tashi tana kiwon shanu a ƙasar Bekoji. A 1992, a Barselona, ta ci tseren mita 10,000. Ita ce baƙar mace ta fari daga Afirka da ta ɗauki zinariyar Olampik. Wannan ƙaramin gari na Bekoji ya fid da zakaru da yawa, kuma wani malamin lakwal ne ya riƙa tara yaran da asuba yana sa su gudu cikin itatuwa da gefen gonaki. Haile Gebrselassie kuwa, yana yaro, kilomita 10 yake gudu zuwa lakwal, ya yi 10 ya komo. Nijar ma ba a bar ta a baya ɗungum ba. Abdu Manzo ya yi mata maraton a Olampik har sau uku: 1988, da 1992, da 1996.

Gaskiya ne Habasha ƙasar duwatsu ce mai tsawo da sanyi, wannan yana taimakon huhunsu. Ba a cewa duk wanda ya bi tudun Mayahi zai zama Abebe. Amma yaron da yake bin garke tun safe har magariba, da yarinyar da take kai fura gona ta komo, ƙafarsu ta riga ta ƙeru. Abin da ya rage a gwada su, a ga mai sauri, a kai sunansa gaba.

Akwai matsala ɗaya, ita ce bakin mutane. A ƙauye in aka ga babban mutum yana gudu ba abin da ya koro shi, sai a ce ko ya taɓu. Amma ɗan kokowa yana fita da asuba ya hau tudu a guje, ba mai yi masa dariya, don an san abin da yake nema. Tun 1975 da aka fara kokowar ƙasa a Tawa, wadda Kantu na Maraɗi ya cinye, kowa ya yarda kokowa abin girmamawa ce. Gudu ma in gari ya sa hannu, dariya za ta ƙare.

In turbar tana nan

Ga inda rabon dattawa yake. Ba a gudu bisa turbar da babu ita, kuma turbobi suna ƙarewa.

Jama'a ta yi yawa. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da miliyan 3 a jihar Maraɗi. Gundumar Tasawa da ta Mayahi kowace ta haura mutum dubu 500. Gonar da uba ya noma shi kaɗai, yau ƴaƴa biyar suka raba. Saura ta ƙare. Sai manomi ya dubi turbar da ke gefen gonarsa, ya ƙara layi ɗaya na shuka. Baɗi ya ƙara wani. Maƙwabcinsa na ƙetare ya ga haka, shi ma ya matso. Ba wanda ya ce ya ci hanya. Amma bayan shekara goma, inda amalanke biyu suke giftawa, jaki da kaya ba ya wucewa sai ya shafi kara. Burtali ma haka. Garken da dā yake wucewa a sake, yanzu sai ya matsu, na gefe su faɗa cikin shuka. Makiyayi shi ma ba a wanke shi ba. Akwai mai sakin dabba da gangan cikin dare, akwai mai ba ƙaramin yaro garken da ya fi ƙarfinsa.

Kowa ya san inda wannan take kaiwa. A 1991, a Toda, nan cikin jihar Maraɗi, rikicin manoma da makiyaya ya ci mutum fiye da 100, yawancinsu mata da yara. Bayan haka, a 1993, gwamnati ta kafa dokar ƙasar noma da kiwo. Daga cikinta aka sami kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake kira Kofo, na gunduma, da na ƙaramar hukuma, da na ƙauye. A 2010 aka ƙara wata doka wadda ta ce yawo da dabba haƙƙin makiyayi ne. An kafa turakun siminti a gefen wasu burtula don kowa ya ga iyaka. Doka tana nan a takarda. Amma turken siminti ba ya magana, kuma akwai inda aka wayi gari ya yi tafiya da dare.

Faransa ma ta sha wannan. Wajen 1960 zuwa 1980, da suka haɗe ƙananan gonaki suka zama manya don tarakta, turbobi da shinge masu yawa sun ɓace. Waɗanda suka tsira, yawanci waɗanda ake bi ne. Tun 1947 masu son tafiyar ƙasa suka fara shafa fenti, fari da ja, a jikin itace da dutse, don nuna hanya. Turbar da aka yi wa alama, jama'a suna binta kowace shekara, da wuya mutum ɗaya ya haɗiye ta a ɓoye.

Wannan shi ne babban amfanin tseren gari. Kafin a yi shi dole a bi hanyar a ƙasa, a duba. Mai gari zai fito, da harɗo, da mutumin Kofo, da sarkin samari. In aka zo inda masu gudu biyu ba su iya jerawa, kowa ya gani da idonsa. Kuma da rani ne. Ba shuka a tsaye, ba wanda aka yi wa ɓarna jiya, zuciya a sanyaye. Maganar da za a yi a nan cikin raha, in aka bar ta sai hatsi ya yi kai garke ya iso, da sanda za a yi ta.

Yadda za a shirya

Lokaci shi ne bayan hukuma ta ba da ranar sakin gonaki, daga Disamba zuwa Fabrairu. Kada a kai watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi yake haura awo 40. Gudu cikin wannan rana yana iya kashe mutum. A tashi bayan sallar asuba, a gama kafin hantsi ya dubi ludayi.

Kada a fara da maraton. Sannu-sannu kwana nesa. Gari biyu maƙwabta, masu tazarar kilomita 5 ko 6, sun isa. Yara su yi rabin haka. Ƴan mata su yi nasu, malaman lakwal da iyaye mata su tsaya musu. Mai son shiga ya fara tun da wata ɗaya: kwana uku a mako, gudu kaɗan, tafiya kaɗan, yana ƙarawa. In yana gudu ba ya iya magana da na kusa da shi, ya yi sauri da yawa, ya rage. Mai ciwon ƙirji, da mai tari, da wanda zazzaɓi ya saki kwanan nan, su fara zuwa likita. Wanda ya ji jiri ko ciwon kai a hanya ya tsaya, ya shiga inuwa. Ba abin kunya ba ne.

Abebe ya yi gudu ba takalmi, amma titin Rum babu ƙarangiya, babu tsaida, babu ƙayar aduwa. A sa takalmi, ko na roba ne, in dai ya kama ƙafa. In ƙaya ta shiga a cire ta, a wanke da sabulu. A tsaya bisa turba, kada a yanke ta cikin ciyawa ko kututture, don nan kububuwa take kwanciya. In ta sari mutum kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A kwantar da shi, a ɗora shi bisa amalanke ko moto, a kai shi gidan likita nan da nan. Amalanke ɗaya ya biyo bayan masu gudu da tulun ruwa mai tsabta. A tsakiyar hanya ma a ajiye ruwa.

Alamar hanya ba sai da fenti ba. Tsumma a reshen kalgo ya isa, ko toka a ƙasa. Inda turba ta yi iyaka da gona, in an daidaita, a dasa aguwa ko gamba kamar yadda kakanni suke yi. Ita aguwa ba ta son ruwa da yawa, dabba ba ta cin ta, kuma ba ta tafiya da dare.

Tilas ne ɗan manomi da ɗan makiyayi su yi gudun tare, Bahaushe da Bafillace da Buzu. Kyauta kada ta yi yawa har ta kawo gardama. Zakara, ko tabarma, ko turmin atamfa ga ƴan mata, abin da gari ya iya. Garin da aka sauka shi zai dama fura. Kafin a watse a ba tsoho ɗaya fili, ya faɗi wanda ya kafa garin da inda ya fito. Baɗi a juya, garin da aka tashi ya zama masauki.

Akwai aiki ɗaya na waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci. A sami littafi guda. A rubuta ranar tsere, da sunan waɗanda suka shiga, da wanda ya zo na fari. A rubuta abin da tsohon ya faɗa, da sunansa. A ɗauki igiya mai gaba goma, a auna faɗin turba a wuri huɗu ko biyar da kowa ya sani: bakin rijiya, gindin gawon wane, mararrabar burtali. A rubuta awon gaban shaidu, mai gari da harɗo su sa hannu ko su dangwala yatsa. Littafin ya zauna wurin mai gari, a kai wa Kofo kwafi. Igiyar kuma a rataye ta a zauren mai gari, don baɗi da ita za a sake aunawa.